Bakwai ko Takwas? Fara Sanin Abin da Ake Bin Ka

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ya aiko da wannan tambaya, na taƙaita ta:

"Malam, a kakar 2024 na sayi masara buhu 150, kowane a kan 62,000, na ajiye da nufin in sayar idan ta yi tsada. Sai farashi ya karye. Na sayar da buhu 90 a kan 38,000, saura 60 suna sito. Ubangidana yana bi na miliyan 3 da dubu 500, yayan matata miliyan 1 da dubu 500, gwaggota dubu 500 na marayunta da ta ba ni in juya, adashi da na kwasa saura zubin dubu 400, manhajojin bashi na waya dubu 200, da wasu ƙanana. Gaba ɗaya dai zai kai wajen miliyan bakwai ko takwas. Yanzu dillanci nake ina samun kamar dubu 250 a wata, gida yana cin dubu 180. Na canja layin waya saboda kira. Ina da fili da zai yi miliyan 2. Wani abokina ya ce in jinginar da shi in sa kuɗin a wata harka ta intanet da ke ninkawa a wata guda, in biya kowa lokaci ɗaya. Me ka gani?"

Ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka, Ya mayar da alheri. Karyewar masara ba kai kaɗai ta taɓa ba. Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yulin 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, kayan waje suka shigo, amfanin gona ya biyo baya, masu ajiya da yawa suka kwana ciki a 2025. A kan wannan ba zan yi maka faɗa ba, kasuwa ce.

Inda zan tsaya maka shi ne kan kalmomin nan uku da ka rubuta: "bakwai ko takwas". Ka san abin da ke tsakanin bakwai da takwas? Naira miliyan ɗaya ce cur. Na ɗauki biro na tara abin da ka lissafo da kanka, ya ba ni miliyan 6 da dubu 100. Ke nan waɗannan da ka kira "wasu ƙanana" suna tsakanin dubu 900 da kusan miliyan 2. Wane irin ƙarami ne wannan? Mutumin da ya san farashin buhu har zuwa naira ta ƙarshe, ya san la'adar kowane dillali da kuɗin ɗan dako, shi ne bai san abin da ke wuyansa ba. Ba mantuwa ba ce. Tsoro ne ya hana ka zama ka tara, kamar mai ciwon da ya ƙi zuwa awo don kada a faɗa masa sunan cutar.

Ga kuma wata tambaya. Buhu 90 sau 38,000 ya kama miliyan 3 da dubu 420. Ina suke? Ba ka faɗa ba, amma zan iya faɗa maka, don na sha gani. Wanda ya fi ɗaga murya a ƙofar rumfa ka tura wa dubu 200. Wanda ya ce zai kawo 'yan sanda ka ba shi dubu 300. Mai manhaja da ya yi barazanar tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarka ka biya shi, ka kuma ci sabo a wata manhajar don ka cike giɓin. Sauran suka bi cefane da biki da suna. Ba rasit, ba shaida, ba rubutu. Yau da ɗaya daga cikinsu zai ce bai karɓi komai ba, da me za ka kare kanka? Gwaggo kuwa, da yake ba ta iya faɗa ba, kuma kunyarka take ji, ko sisi ba ta gani ba. Haka rashin lissafi yake rabon kuɗi: mai baki ya samu, mai kawaici ya rasa.

Shekarun baya na san wani mai atamfa a Kantin Kwari. Lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan da ya karɓa bashi suka zame masa ƙarfen ƙafa. Sai ya shiga abin da 'yan kasuwa suka sani sarai: ya karɓi kaya wajen wannan, ya karyar da su ƙasa da sari don ya sami tsabar kuɗi, ya kai wa wancan. An sayar da kare an sayi biri. Ya yi wata takwas a haka yana murmushi a masallaci. Ranar da asiri ya tonu aka zaunar da shi gaban shugabannin layi, ya rantse bashinsa bai wuce miliyan 12 ba. Da kowa ya buɗe littafinsa aka samu 19. Ban yi tsammanin ƙarya ya yi ba, da gaske bai sani ba. Amma wa zai yarda? Daga ranar sunansa ya mutu a kasuwa, kuma da a wata na farko ya zauna da mutum ukun da ke bin sa a lokacin, da yanzu yana rumfarsa.

Maganar abokinka ba za ta ci mini lokaci ba. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. CBEX, wadda ita ma alƙawarin ninkawa a kwana 30 ta yi, ta kife a Afrilun 2025, mutane suka yi ta kuka a bidiyo. Da akwai harkar da ke ninka kuɗi a wata, da manyan Alhazan Dawanau ba su tsaya shaƙar ƙurar riɗi ba. Ka tambayi abokin naka abu ɗaya: zai sa hannu a takarda cewa idan kuɗin suka nutse shi zai biya? Ka dubi fuskarsa lokacin da yake amsawa. Abin da ya fi damuna ma shi ne wannan buri na "in biya kowa lokaci ɗaya". Kana so ka ɓace, ka dawo da jaka cike, ka rarraba, kowa ya ce ashe mutumin kirki ne. Wannan mafarkin ne ya sa ka canja layi, shi ne kuma zai cinye filin. Bashin da aka ci a tirela, a kwano ake biyan sa.

To ga abin yi. Daren yau bayan Isha ka sayi littafi mai bango mai kauri, kowane mai bin ka ka ba shi shafinsa: nawa ka karɓa, yaushe, nawa ka mayar, wa ya gani. Ka je banki ka karɓi bayanan asusunka na shekara guda, duk taransifar da ka yi tana ciki. Har mai shago na unguwa da ke bin ka kuɗin taliya ka rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mu kuma muka mai da rubutu tamkar zargi. Idan ka gama, ka ja layi ka rubuta jimla ɗaya. Ba "wajen", ba "ko".

Sannan ka mayar da tsohon layinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai bin bashi yakan jure jinkiri, abin da ba ya jurewa shi ne ya kira ya ji a kashe. Da zarar ya ji haka sai zuciyarsa ta ba shi cewa gudu za ka yi, kowa kuma ya fara rige-rigen ƙwace abin da ya samu kafin saura su riga shi. Ka fara da ubangidanka, a gidansa, ba a kasuwa cikin mutane ba, tare da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa. Ka buɗe masa littafin gaba ɗaya, har da na wasu. Ya daɗe a harkar nan, ya san abin da ya sami masara, wataƙila shi ma ta taɓa shi. Aya ta 280 a wannan sura ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma ta yaya zai saurara wa mutumin da bai zo ya nuna ƙuncin ba?

Buhu 60 ɗin nan ka sayar da su. Na san abin da kake jira, kana jiran ta koma 62,000 ka fita kunya. Kafin nan kana biyan kuɗin sito, kana sayen maganin ƙwari, nauyi yana raguwa, sabuwa kuma in ta shigo tsohuwa sai an yi mata ragi. In ka samu ko 35,000 ne, ka tashi da miliyan 2 da dubu 100. Filin ma sayarwa za ka yi, ba jingina ba, kuma ka ba shi wata ɗaya ko biyu a hannun dillalai don kada a saye shi farashin mai neman kai. A ce duka biyun sun ba ka miliyan 4.

Da ni ne, ga yadda zan raba. Manhajoji dubu 200 zan fara kashewa, ba don sun fi kowa haƙƙi ba, sai don bashinsu kaɗai ne ke haihuwa kullum. Ka nemi su rubuto maka cewa an rufe, ka goge su daga wayar. Sai kuɗin marayu, dubu 500, cif, a hannun gwaggo gaban shaidu. Wannan amana ce, tun farko bai kamata ta shiga sito ba. Ubangidanka miliyan 2, don masarar da ke ajiye kusan tasa ce. Yayan matarka dubu 500. Ƙananan nan ka share waɗanda dubu 300 za ta iya sharewa, saboda rage yawan bakunan da ke kiran sunanka shi ma sauƙi ne. Ragowar dubu 500 ka riƙe ta jari, kuma ka faɗa wa kowa ka riƙe, da dalili. Wanda ya miƙa komai ya zauna hannu rabbana, wata uku zai sake cin wani bashin. Mai hankali cikinsu zai gane cewa wannan jarin shi ne saniyar da za a tatsa a biya shi.

Yanzu sai wurin da mutane suka fi faɗuwa, wato alƙawarin wata-wata. Kana samun 250, gida na cin 180, saura 70. Idan ka zauna gaban Alhaji ubangidanka kunya za ta sa bakinka ya ce "dubu 150 duk wata, in sha Allahu". Kada ka kuskura. Ka yi alƙawarin 50 gaba ɗaya, ka bar 20 saboda ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi ko kasuwa ta yi shiru. Gara ka ce 50 ka kawo 60 da ka ce 150 ka kawo 100. Na farko mai cika alƙawari ne, na biyu maƙaryaci, alhali ya fi kawo kuɗi. Watannin farko ma yawancin abin adashi zai tafi, don mutanen da suka zuba ka kwasa suna jiran nasu kwasan, in ka tsaya layin duka ya rushe. Ka gaya wa Alhaji da surukinka haka ƙarara, cewa nasu zai fara tafiya sosai bayan wata takwas zuwa goma.

Na san kana lissafi a ranka, miliyan uku da wani abu a dubu 50, ai shekara biyar ke nan ko fiye. E, haka ne a takarda. Amma akwai hanyar gajarta shi da ba ta bi ta intanet ba. Ka roƙi Alhaji ya riƙa ba ka dillancin kayansa, a riƙa cire rabin la'adarka ana sakawa a shafinsa. Na ga wanda ya yi haka a harkar wake, ubangidan da ya yi rantsuwar ba zai sake ba shi ko tiya ɗaya ba, da ya ga wata goma sha biyu ba fashi, da kansa ya yafe masa wani kaso ya kuma mayar da shi kan kaya. Ba na ce a yi maka haka ba, kuma kada ka roƙi yafiya a zaman farko. Mutane sukan yafe wa wanda suka ga yana biya.

Abu biyu na doka, don kada tsoro ya sake sa ka rabon kuɗi barkatai. Bashi tsakanin 'yan kasuwa maganar kotu ce ko sulhu, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Amma cek na bogi laifi ne tun dokar 1977, ɗaurin shekara biyu ne. Saboda haka duk matsin da aka yi maka, kada ka rubuta wa kowa cek ɗin da ka san babu kuɗinsa don a ƙyale ka yau.

Kowace yarjejeniya a rubuta, kai da shi ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Kowane biya ta banki, ko a rubuta a shafin a sa hannu nan take. Har da na yayan matarka, musamman ma shi. Bashin suruki in ya lalace ba a kasuwa yake tsayawa ba, ɗaki yake shigowa. Kuma tunda maganar ta zo nan: a wasiƙarka ban ga inda ka ce uwargida ta san halin da ake ciki ba. Dubu 180 ɗin nan ta hannunta suke bi, ita ce za ta iya mai da su 160, kuma ɗan'uwanta ne ke bin ka. Kafin ka je wajen Alhaji, ita za ka fara nuna wa littafin.

Idan ka tara jimlar, ka rubuto mini ita da sunan kowane kaso, sai mu sake duba rabon, don in "ƙananan" nan suka kusa miliyan 2, abin da na ware wa Alhaji sai an taɓa shi.