Ku Tambaya Mu Amsa: Fita da Ƙananan Yara a Kirsimeti da Dogon Hutu

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan magana ɗaya suka zo: yadda za a fita da ƙananan yara a lokacin hutu a dawo da su lafiya. Mun zaɓi shida. A duk amsoshin, da ƙaramin cikin yaran muka auna tafiyar, domin shi ne zai fara gajiya, shi zai fara jin ƙishi, kuma shi ne bai iya faɗin abin da ke damunsa ba.

Tambaya: Za mu je Jos bikin Kirsimeti daga Abuja a motar maigida. Yarana uku: ɗan wata takwas, 'yar shekara uku, da ɗan shekara shida. 'Yar tsakiyar ba ta taɓa shiga mota ba ta yi amai ba. Yaya zan yi da hanya, kuma wane tanadi zan yi wa sanyi? Daga uwar yara uku, Nyanya.

Amsa: 'Yar'uwa, ku yi sammako, amma ku bari gari ya waye sosai, domin hazon hunturu kan rufe hanya da asuba. Ku tsaya duk bayan awa biyu yara su miƙe ƙafa, a shayar da jinjirin. Akwanga ta dace da zango, tun kafin ku kama Hawan Kibo, inda kwana-kwana da hawa ke tayar wa yara da zuciya.

Aman mota yana zuwa ne saboda saɓani tsakanin ido da kunne: idon yaro na kan kujerar gabansa wadda ba ta motsi, cikin kunnensa kuwa yana jin ana ta lilo da shi. Ki zaunar da yarinyar inda za ta riƙa hango titi ta gilashin gaba, ki ɗauke mata waya, a sassauta gilashi iska ta shigo. Awa ɗaya kafin tashi ki ba ta abu marar maiƙo, kamar biredi ko koko kaɗan. Ƙosai da wainar ƙwai su jira sai an sauka. Leda, tsumma da kayan canji su kasance kusa da hannunki, ba a cikin but ba. Kada kuma ki ɗura wa yaro maganin mura ko na amai don ya yi barci. Wasu daga cikinsu na danne numfashin yaron da bai kai shekara biyu ba.

Abin da ya fi amai muhimmanci shi ne wurin zama. Duk yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. Rungume jinjiri a cinya a kujerar gaba ganganci ne: idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, nauyinsa kan ninka sau ashirin ko fiye, ba hannun da zai iya riƙe shi, ga kuma jakar iska da za ta buɗe masa a ka. Ki nemi kujerar yara ko da aro ne, ta jinjirin ta kalli baya. Ɗan shekara shidan yana bukatar matashin da zai ɗaga shi, don bel ya bi ta kafaɗa maimakon wuya. A danna makullin yara da ke gefen ƙofofin baya. Ki ajiye lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, a wayarki.

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma a Disamba sanyin dare kan sauka zuwa wajen digiri 10. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi rigar sanyi ɗaya mai nauyi, domin da rana ta ɗaga za ki rage ɗaya. Hula da safa dole ne da safe da yamma. Ki taɓa ƙeyar jinjirin: in ta yi gumi, kayan sun yi yawa. Wanka da hantsi da ruwan ɗumi, sannan man kaɗanya ko basilin a leɓe, kunci da diddige tun jiki bai bushe ba. Muna roƙonki, kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin kwana a rufe ƙofa, kada kuma a kunna janareta a baranda ko kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce daga nan.

Wurin zuwa kuwa, gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952 yana cikin gari, da ƙaramin gidan dabbobi a gefensa, ya fi sauƙi ga 'yar shekara uku. Gandun namun dajin da aka kafa a 1972 yana da faɗi, sai an yi tafiyar ƙafa, don haka ki zo da zanen goyo. Wuri ɗaya a yini ya isa.

Tambaya: Ina son kai yarana biyu, ɗan shekara huɗu da 'yar shekara bakwai, Yankari. Disamba ta fi, ko in bari sai dogon hutu na Agusta? Daga wani magidanci, Gombe.

Amsa: Malam, Disamba ta fi, nesa ba kusa ba. Da damina ciyawa ta yi tsayi, ruwa ya kwanta ko'ina, dabbobi sun bazu cikin daji, wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa. Da rani kuwa ƙishi ke tattaro su bakin kogin Gaji. Ganin dabba ya fi yawa daga Fabrairu zuwa Afrilu, amma zafin lokacin ya fi ƙarfin ɗan shekara huɗu.

Daga titin Gombe zuwa Bauchi za ka ratse a Dindima, ka shiga ta ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai kusan kilomita 40 kafin masaukin Wikki. Ka cika tanki, ka duba safaya, ka tabbatar da ɗaki tun kafin ka taso. Zagayen daji na safe ya fi wa yara. Ka shirya zukatansu tun a gida cewa daji ba gidan zu ba ne: za su ga birai, gadu da barewa, giwa kuwa sai an dace. A sa musu riga mai dogon hannu mai hasken launi, domin akwai ƙudan tsando, kuma baƙi da shuɗi ne ke jawo shi.

Abu biyu za ka sa wa ido. Na farko bika, manyan biran da ke yawo cikin masaukin. Sun saba da mutane, sukan fizge leda daga hannu, su shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Kada yaro ya fita riƙe da abinci, kada kuma ya miƙa musu. In biri ya ciji yaro ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Na biyu shi ne ruwan Wikki. Ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, ga shi garau, shi ya sa yara ba sa son fita. Wannan hasken nasa kan ruɗi ido, a ɗauka ba zurfi, alhali akwai inda ya kusa mita biyu. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa, shiru yake tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya. Babba ya shiga ruwan da kansa, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga yaron. Kada ka ɗora wa yayar tsaron ƙaninta, kada kuma ka dogara da robar da ake hurawa.

Tambaya: Bara mun kai dafa-duka da salak wurin shaƙatawa, washegari yara biyu suka kwana gudawa. Me ya jawo? Daga wata uwa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa lokaci ne. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ɗumi-ɗumi ba, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashewa. In ta huce a kula ta yini, sai ƙwayar ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Salak mai mayonis da ƙwai ya fi ta saurin lalacewa. Ki zuba shinkafa a kula tana tururi, a cinye ta da zarar an isa. Abin da zai kai yamma ya zama busasshe: cincin, biredi, soyayyen nama da ya soyu ƙayau, lemo da ayaba da ba a ɓare ba. Yankakkiyar kankanar talla da ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, ki bar su. Gyaɗa, gugguru da alawa mai tauri kan shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba, musamman yana gudu ko mota na tafiya.

In gudawa ta zo, ki narka ƙullin ORS (garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki) ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda bai kai shekara biyu ba ya sha mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya wuce haka 100 zuwa 200, da cokali a hankali. A haɗa da zinc: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. A ci gaba da nono da abinci. Jini a bayan gida, ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, wannan na asibiti ne nan take.

Tambaya: Ni ke kai jikokina gidan zu na Kano duk lokacin biki, su biyar. Tsorona ɓacewar yaro a cikin jama'a. Daga wata kaka, Fagge.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Inna. Yara biyar sun yi wa mutum ɗaya yawa, ki nemi babba ɗaya ko biyu su raka ki, a raba yaran da suna: wannan na wane, wancan na wance. In aka ce kowa ya sa ido, ba wanda zai sa. Ki ɗauki hotonsu a waya da kayan da ke jikinsu kafin fita. A rubuta lambar waya a takarda a liƙa a cikin riga, ko a damtse da biro. Ki koya musu cewa wanda ya ɓace ya tsaya cak inda yake, ya nemi mai kayan aiki ko mace mai goyo, kada ya bi kowa waje. Hannun yaro kada ya shiga keji, ko da na jimina ne.

Ranar biki da washegarinta ne cunkoso ya fi tsanani. Dabbobin suna nan a rana ta huɗu, ku je da an buɗe ƙofa. Wurin da aka yi shelar rabon kyauta ga dubban yara kuwa, shawararmu kada a je. A Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsutsu a wani bikin yara a Ibadan. In kin ga ƙofa ɗaya ce kuma ana turereniya, ku juya. In cunkoso ya rutsa da ku, a ɗaga ƙaramin a kafaɗa, a riƙa zamewa gefe, kada a sunkuya ɗaukar takalmi.

Tambaya: Nokawut ya fashe a hannun ɗan maƙwabcina, aka shafa masa man goge baki. Daidai ne? Daga wani mai karatu, Kafanchan.

Amsa: A'a, Malam. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da manja duk suna riƙe zafi, suna shigar da ƙwayar cuta. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, kada a fasa ƙurjin. Ƙunar hannu, fuska ko al'aura, da duk wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, ta asibiti ce. In abin ya shafi ido, a rufe shi ba murzawa. Kayan biki na leshi da na roba suna saurin kamawa da wuta, ƙaramin yaro bai da abin yi kusa da wannan wasa.

Tambaya: Dogon hutu zan kai yara ƙauye wajen kakanninsu su yi mako uku. Ɗaya mai sikila ne. Me zan kiyaye? Daga wani uba, Zariya.

Amsa: Madalla da wannan zumunci, Alhaji. Yaro ya ga gona, ya ga tatsar nono, ya ji tatsuniya a bakin kakarsa, ba wurin wasan da ya kai wannan. Sai dai hutun ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin sauro. Ka tafi da gidan sauro mai magani na kowace shimfiɗa, kada ka ɗauka akwai a can. Akwai maganin rigakafin zazzaɓi da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Ka tafi da katinsu don kada zagaye ya wuce su.

In jiki ya yi zafi, a auna jini kafin a ba da maganin maleriya, ko da bayan an dawo gida ne, domin cutar kan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ta bayyana. Farasitamol da nauyi ake ba da shi: miligiram 15 ga kowane kilo, duk awa shida. Yaro mai kilo 10 zai sha kusan mililita 6 na ruwan maganin da aka rubuta wa miligiram 120 a cikin mililita 5. Ban da asfirin. Jijjiga, aman duk abin da aka sha, ko barcin da ba a iya tashin yaro, ba sa jiran safiya.

A hana su kududdufi da rafi. Ban da nutsewa, nan ake ɗaukar tsargiya, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. In hadari ya taso da tsawa, a shiga ɗaki, ba gindin bishiya ba.

Mai sikila kuma, ku ga likitansa kafin tafiya, a ɗauki magungunansa na kwanakin duka da ƙari. Dukan ruwan sama, wankan ruwan sanyi, ƙishi da gajiya su ne ke tayar masa da ciwo, don haka gorar ruwansa ta zauna a hannunsa, a canza masa jiƙaƙƙun kaya nan da nan. A wajensa zazzaɓin digiri 38 maganar asibiti ce a ranar. Tun daren farko ka san asibitin da ke iya ƙarin jini mafi kusa da ƙauyen, ka kuma karɓi lambar mai mota ko mai babur da zai amsa kira ko da tsakar dare.