Tambaya da Amsa: Jirgin Bauchi da Bai Zo Bauchi Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun yi gardama a majalisarmu da ke Wunti, wani dattijo ya ce jirgin ƙasa ya zo Bauchi tun 1914, domin ya taɓa ganin sunan Bauchi a jikin wani tsohon layin dogo na wancan lokaci, ni kuwa mahaifina ya shaida mini cewa yana saurayi aka fara jin kukan jirgi a garin nan. Wane ne ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu a Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, maganar mahaifinka ita ce daidai, amma dattijon nan bai ƙaga tasa ba. Akwai layin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau dutse har Jos da Bukuru, aka kammala shi a 1914. Ya sami sunan ne saboda a wancan zamani ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Birnin Yakubu kuwa, wato garin Bauchi kansa, layin bai ko doso shi ba.

Dalilin shimfiɗa shi kuza ce. Kafin zuwansa 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko da ke bakin kogin Binuwai, abin da ya sa kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa wa gwamnati lamba. Aka yi musu ɗan siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin da ya isa Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Wannan bambanci ya sa taragon da ya taso daga Jos ba ya iya wucewa Zariya, dole a sauke buhunan kuza ɗaya bayan ɗaya a sake loda su a babban jirgi. Da layin Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta sami hanya mafi sauƙi zuwa teku, ƙaramin layin ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957.

Jirgin da mahaifinka ya gani na layin Barno ne, wanda aka fara aikinsa a 1958 daga Kuru, bayan Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, rancensa na farko ga Nijeriya. Layin ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, sannan ya bi ta Bajoga da Buni Yadi ya tuƙe a Maiduguri a 1964. A ganina ba za a raba wannan aiki da siyasar lokacin ba, domin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957, ya kuma san wahalar fitar da gyaɗa da auduga daga ƙasarsu a mota. Shekara 50 ke nan cif tsakanin isar dogo Kano da isowarsa Bauchi, saboda Turawa ba su shimfiɗa dogo sai inda suka ga kayan da zai biya kuɗinsa nan take.

TAMBAYA: Shin gaskiya ne jirgin sama ya riga jirgin ƙasa zuwa yankinmu?
Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Malama, idan Arewa maso Gabas gaba ɗaya kike nufi, gaskiya ne. A ƙarshen 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga kusa da Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham, suka ratso Sudan da Chadi, suka yada zango a Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Jigilar farar hula ta fara a 1936, lokacin da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano ta Maiduguri, ya miƙa ta zuwa Legas a wannan shekarar, akasarin kayansa wasiƙu ne da 'yan fasinjoji kaɗan. Maiduguri ta ga jirgin sama kusan shekara 40 kafin ta ga tarago.

Sai dai Bauchi da Gombe ba su kan wannan hanya, domin an zana ta ne don haɗa Yammacin Afirka da babbar hanyar da ta bi Masar zuwa Ingila. Shi ya sa aka daɗe alhazanmu suna shiga mota zuwa wasu garuruwa, musamman Kano, kafin su hau jirgi. Manyan filayen jirgin sama na Lawanti a Gombe da Durum a Bauchi duk bayan shekarar 2000 aka gina su.