Wadatar Zuci da 'Yan Uwanta: Amsoshin Tambayoyinku

Malam, wadatar zuci da ƙana'a abu ɗaya ne? Me ya sa ba a cika cewa wadatar zuciya ba? (daga Zariya)

Kusan ɗaya ne. Ƙana'a aro ce daga Larabci, ta fi zama a bakin masu wa'azi. Wadatar zuci kuwa ƙirar gida ce, ko da yake ta yi daidai da hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, cewa wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadatar rai ita ce wadata. Zuci kuma siga ce mai nuna gurbi, yadda baki kan koma baka, kai ya koma ka: ya faɗa da baka, ya ɗauka a ka, ya riƙe a zuci.

Amma tun da ka taɓo ta, bari in fitar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An mai da wannan kalma mai daraja bargon rago. Ƙato ya wuni a majalisa daga hantsi har la'asar, kuɗin katin waya sai ya roƙa, ka yi masa magana ya ce shi mai wadatar zuci ne. Wannan sunanta mutuwar zuciya, kuma Bahaushe bai taɓa haɗa su a kwano ɗaya ba. Kishiyar wadatar zuci kwaɗayi ne da haɗama, ba nema ba. Da aka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ai akwai gatarin, kuma sara ake yi da shi. Mutanen da suka bar mana kwaɗayi mabuɗin wahala su ne fataken da kan yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna don sayo goro. Mai wadatar zuci shi ne ɗan tiredar da ke buɗe shago da sassafe, maƙwabcinsa ya sayi mota ya je ya yi masa Allah ya sanya alheri, ya dawo ya yi barcinsa lafiya lau. Ya san iyakar buƙatarsa, shi ya sa abin hannun wani ba ya tsone masa ido.

Natsuwa ko nutsuwa? (daga Maradi)

Duka ana ji, bambancin karin harshe ne. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

Na ga matasa na rubuta "ina neman kaina" a Facebook. Hausa ce? (daga Jos)

Kalmomin na Hausa ne, tunanin na aro ne. Mu a wurinmu, in aka ce mutum na neman kai da abu, so yake ya rabu da shi, kamar mai tumatir da yamma ta yi masa a kasuwa. Abin da yaran nan ke lalube muna da shi tuntuni: sanin ciwon kai. Wanda ya san ciwon kansa ya san inda yake da rauni da abin da ya dace da shi, ba ya bari a ja shi kamar raƙumi da akala. Akwai kuma mallakar hankalin kai. Ka lura, ciwo aka ce ya sani, ba gwaninta ba. Wanda gwanintarsa kaɗai ya sani, jin kai ne ke damunsa.

Af, ga masu ƙyuyar sa lanƙwasa a rubutu: jin kai girman kai ne, jinƙai kuwa tausayi. Kwanan baya na ga an rubuta wa wani bawan Allah yabo, wai shi mai yawan jin kai ne ga talakawa. An zage shi ke nan da kyakkyawar niyya.

Mece ce ma'anar laifi tudu ne? (daga Kumasi)

Ƙarashenta ya ba ka amsa: ka taka naka ka hango na wani. Wanda ke tsaye a kan tudu ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin sawunsa.

In hali zanen dutse ne, ke nan gyaran hali ɓata lokaci ne? (wata malamar Islamiyya daga Katsina)

Malama, karin magana ba aya ba ce, kowace da muhallinta. Wannan gargaɗi ce ga mai shirin ba da amana ko aure, kada ya shiga da tsammanin zai sauya wani. Ba ta hana mutum yi wa kansa faɗa ba. Ke kin fi ni sanin zuciya mai umarni da mummuna a suratu Yusuf, mai zargin kanta a suratul Ƙiyama, da natsattsiya a ƙarshen suratul Fajri. Da ba a tashi daga wannan zuwa waccan, da malamai ba su wahalar da kansu da wa'azi ba. Sai dai in ba a tanƙwara icce yana ɗanye ba, aikin kan yi wuya.

Malam, da gaske an taɓa dafa dutse an sha romonsa? (daga Damagaram)

Ɗora tukunyar, in ya nuna ka aiko mini da nawa.