Tambaya da Amsa: Wannan waƙar "Money" ta ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd ta bogi ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni dai tun ina yaro nake jin faifan The Dark Side of the Moon a ɗakin kawuna, to shekaranjiya sai na ci karo da wata Money a YouTube, jita ce kawai da muryar mutum ɗaya babu ganga babu komai, sai kuma wata gajeriya da aka rubuta promo a jikinta. Don Allah na bogi ne ko kuwa? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, in dai kana jin ƙarar sulalla a farkonta to ba bogi ba ce, demo ce, wato gwajin farko da Roger Waters, ɗan ƙungiyar da ya rubuta waƙar, ya ɗauka shi kaɗai a wata 'yar rumfa a bayan gidansa kafin ya kai wa sauran abokan aikinsa, har sulallan ma a kwanon da matarsa take kwaɓa yumɓu ya riƙa watsa su yana ɗauka a tef. Su da kansu suka fitar da ita a 2011 cikin akwatin fayafayan da suka kira Immersion.

Ta promo kuwa, wato ta talla, don gidajen rediyon Amurka aka yi ta a 1973. Ta faifai ta haura minti 6, su kuma 'yan rediyo ba sa son doguwar waƙa, sai aka datse ta zuwa kusan minti 4 aka kuma goge wata kalmar ashar da ke ciki. Gaskiya ni ba ta burge ni, an yanke mata wurin da ya fi daɗi.

Amma wallahi abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne mutanen nan tun Janairun 1972 suke kaɗa waƙoƙin a gaban jama'a, fiye da shekara guda kafin faifan ya fito a Maris 1973, suna yi suna gyarawa. Waƙar The Great Gig in the Sky da kake jin muryar mace tana tashi kamar za ta tsaga sama, a lokacin babu mace ko ɗaya a ciki, kiɗan Richard Wright mai fiyanon ƙungiyar ne da muryoyin masu karatun Baibul, sai a Janairun 1973 aka kira mawaƙiya Clare Torry situdiyon Abbey Road ta rera aka biya ta fam 30. Waƙar Us and Them ma asalinta kiɗan fiyano ne da Wright ya yi wa fim ɗin Zabriskie Point, daraktan ya ce bai yi masa ba, suka ajiye abinsu har lokacinsa ya zo.

Tunda ka fara, nemi ta fiyanon nan, sunanta The Violent Sequence, ka saurare ta da dare sannan ka ɗora Us and Them ta faifan a bayanta.