Guruf ɗin ɗalibai ko na malamai: ina ya kamata in zuba datata?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a cikin garin Sakkwato. Firinsifal ɗinmu ta ce kowane malami ya buɗe wa ajinsa guruf a WhatsApp don a riƙa tura aikin gida. Ni kuwa yarana sun haura sittin, kuma mafi yawansu ba su da waya. Guruf ɗin da muke da shi na malamai kuma, ban da gaisuwar Juma'a da tallar atamfa babu abin da ake yi a ciki. Shin da gaske akwai abin da malami zai ƙaru da shi a waɗannan kafofi, wajen koyarwa da sanin abokan aiki na wasu wurare, ko ɓarnar data ce kawai?

Wata malama daga Sakkwato

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Amfani akwai, sai dai ba a inda firinsifal ɗinku ta fi sa rai ba. A irin makarantarku, abin da za ki samu tsakaninki da 'yan'uwanki malamai ya fi ƙarfin abin da za ki samu tsakaninki da ɗalibai nesa ba kusa ba. Amma tunda umarni ne daga sama, mu fara da ɗaliban.

Ke da kanki kin ce yaran ba su da waya. Wadda za ta ba ki lamba, ta mahaifinta ce da ya fita kasuwa tun safe ba zai dawo ba sai bayan isha'i, ko ta yayanta, ko ta maƙwabciya. Ga shi ƙa'idar WhatsApp ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu, alhali 'yan ajin farko na ƙaramar sakandare da yawa ba su kai ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ita ma ta ce sai da yardar iyaye ko waliyyi ake sarrafa bayanan wanda bai kai shekara 18 ba. To kin ga guruf ɗin da za ki buɗe na iyaye ne, ki kuma kira shi da sunansa tun farko. Ki saita shi ya zama admin kaɗai ke iya tura saƙo. Ki kuma sani cewa a guruf kowa yana ganin lambar kowa, wanda a makarantar 'yan mata ba ƙaramin abu ba ne, don akwai magidancin da ba zai lamunci lambar matarsa ta shiga hannun maza sittin ba, kuma yana da hujja. In abin ya dame ki, ki yi amfani da tashar WhatsApp (Channel), wadda aka fito da ita a 2023. A can masu bi ba sa ganin lambobin juna.

Sharaɗi ɗaya kada ki sassauta a kansa: duk abin da za ki tura, ya zama kin riga kin faɗe shi a aji, kin rubuta shi a allo. Ranar da kika ba da maki a kan aikin da ya fita ta waya kaɗai, kin hukunta yarinya a kan talaucin gidansu. Mun ga haka da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona: 'ya'yan masu babbar waya suka ci gaba da karatu, sauran kuwa sai abin da suka tsinta a darussan rediyo.

Me za ki tura? Saƙon murya, da Hausa, kada ya wuce minti biyu, sau ɗaya a mako. Uwar da ba ta karanta boko za ta saurara tana tankaɗe. Misali: "Salamu alaikum iyaye. Wannan makon mun yi tara rabi da sulusi da rubu'i. Don Allah a sa yarinya ta nuna muku aiki na uku a littafinta. Ranar Litinin akwai gwaji, a zo da biro da rula." Shi ke nan. Ki haɗa da hoton allo guda ɗaya, wanda kika ɗauka kafin a goge, ba tare da fuskar kowa ba. Bidiyo kuwa ki yi hankali da shi. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mutane da yawa sun daina buɗe duk abin da ya yi nauyi.

Yanzu ga inda ribar take. Guruf ɗinku na malamai bai mutu don malamai ragwaye ne ba. Ba a ba shi aikin yi ba ne, kuma an tara kowa da kowa a ciki: mai Turanci, mai Islamiyya, akawu, har da firinsifal. Wa zai fito gaban shugabarsa ya ce akwai darasin da ya gagare shi koyarwa? Ki bar shi da gaisuwar Juma'arsa, ita ma zumunci ce. Ki buɗe wani daban, ƙarami, na malaman lissafi na ƙaramar sakandare kaɗai, mutum goma zuwa sha biyar, daga makarantu daban-daban. Ki fara da waɗanda kuka yi NCE tare a Kwalejin Shehu Shagari, ko kuka haɗu a bita. Ki nemo ɗaya daga Bodinga, ɗaya daga Gwadabawa, wata daga Illela ko Tambuwal. WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a guruf guda, amma kada wannan ya ruɗe ki, taron yuyuyu ba ya gyara darasi.

Aikin guruf ɗin tambaya ɗaya ce a mako, kuma ta fito daga aji. A ce kin duba littattafai kin tarar rabin yaran sun rubuta cewa 1/2 a tara da 1/3 ya ba da 2/5. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ki rufe sunan yarinyar da yatsa, ki ɗauki hoton aikin, ki tura ki ce, "Jama'a, yaya kuke warware wannan?" Wani zai ce shi takarda yake ninkewa gida shida, yara su shafa wa gida uku alli, su ƙara biyu, su ƙirga da idonsu su ga biyar cikin shida. Wata za ta ce ita tambayarsu take yi: kina da rabin mudu, aka ƙara miki, ya za a yi abin da ke hannunki ya koma ƙasa da rabi? Wani malamin da ya yi karatun zaure zai tuna muku cewa masu rabon gado tun tuni suke neman asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da lambobin ƙasa duka suke raba ta daidai, kafin su haɗa rabi da sulusi, kuma shi ne dai abin da littafin boko yake nema. Ki gwada guda ranar Talata, ki dawo ki faɗa musu abin da ya faru, ko da bai yi ba. Wannan dawowar ita ce ke raya guruf, kuma ita aka fi mantawa.

A riƙa karɓa-karɓa wajen kawo tambayar, don kada nauyin ya zauna a kan mutum ɗaya. A hana turo saƙonnin "tura wa mutum goma", da siyasa, da talla. Sannan ko sau ɗaya a zangon karatu ku haɗu ido da ido. Mu Sakkwatawa wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru: jajis, wato jagororin mata, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta, su koma su karantar da mata, su dawo da tambayoyi. Kai da komowar da suka yi da ƙafa, ke waya za ta yi miki, amma ilimin da amanar sai mutane sun kawo.

Abin da kuka tara na shirin darasi da tambayoyin gwaji kada ku bar shi a cikin hira, zai nutse, ko ya tafi ranar da waya ta faɗa ruwa. Ku buɗe jakar ajiyar fayil guda a Google Drive, ko ku ajiye a Telegram, inda fayil yake zama ko an sauya waya. Kada kuma ku jingina da kafa ɗaya: gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu harka a can kaɗai suka wayi gari babu hanya.

Batun sanin mutanen nesa kuwa, Facebook ya fi kusa da ke, don akwai malaman Arewa da yawa a nan. LinkedIn yana da amfani in kina neman tallafin ƙaro karatu ko aiki da ƙungiyoyi, amma da Turanci ake harkar. Ki nemi ƙungiyoyin fanninki, irin su MAN ta masu lissafi da STAN ta malaman kimiyya, wadda aka kafa tun 1957. Ki bi sanarwar TRCN mai rajistar malamai da ta NTI, cibiyar horar da malamai da ke Kaduna, daga shafukansu na ainihi. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, darussan da ke ciki kyauta ne. Malaman tsangayar ilimi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma kada ki ji nauyin tuntuɓarsu. Tambaya takamaimai, gajeriya, ta fi samun amsa a kan "ina neman shawara". Kuma in kina so a san ki, aikinki za ki nuna: hoton abin koyarwar da kika haɗa da kwali da murafen kwalba, da layi uku a kan yadda yara suka karɓe shi. Ki ware shafin aiki daban da na hotunan biki.

Akwai ramuka, ki san su. Wani zai kira ki da ladabi ya ce shi ɗan guruf ɗinku ne, za a yi taro ta intanet, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki. Kina karantawa ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya shiga roƙon kuɗi da sunanki. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri a saitin WhatsApp, yau ɗin nan, ki sa duk 'yan guruf su yi. Sanarwar ɗaukar aiki ko bita da aka ce sai an tura kuɗin fom ta asusun wani mutum, ki tambaya a ofis kafin ki motsa. Guruf ɗin da ake raba amsar jarrabawa ki fita daga cikinsa ko da jefa ki aka yi, satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999, kuma lambarki a ciki ta isa ta ɓata miki suna. Kukan albashi da ƙarin girma ki kai shi ta hanyar ƙungiyar malamai ta NUT. Abin da kika rubuta cikin fushi, hotonsa zai riga ki isa ma'aikata. Ga abokan aikinki maza kuma, ki isar musu: babu hirar sirri da ɗaliba ta waya, ko da sunan ƙarin bayani. Duk abin da za a faɗa mata a faɗe shi inda iyayenta suke gani.

Ita kuwa firinsifal, kada ki je mata da musu. Gobe ki tambayi ajinki su wa ke da babbar waya a gida, ta wane ne, kuma yaushe take samuwa. Ki rubuta adadin, ki kai mata tare da shawarar guruf ɗin iyaye da saƙon murya na mako-mako, ki kuma roƙa a gabatar da maganar a taron iyaye da malamai kafin a karɓi lambar kowa.