Manhajar Lissafin Sito a Ƙaramar Masana'anta: Me Za a Saya, Kuma Yaushe?

Wasiƙun da suka taru a gabana a makonnin nan, mafi yawansu daga masu ƙananan masana'antu ne na birnin Kano, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke tambaya: ko lokaci ya yi da za a ajiye babban littafin sito a koma ga manhajar kwamfuta. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya ta farko: "Ina da masana'antar bokitai da kofunan roba a Dakata, injina 3, ma'aikata 23. Duk ƙarshen wata abin da ke cikin littafi da abin da ke ƙasa ba sa haɗuwa, watan jiya ma buhu 14 na ƙwayar roba ba a san inda suka shiga ba. Wasu matasa sun nuna mini manhajar da za ta haɗa sito da ciniki da albashi, a kan naira miliyan 4, ban da kuɗin shekara-shekara. In saya?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka biya ko sisi a wannan watan, domin sitonka bai shirya karɓar manhaja ba tukuna. Manhaja abin da aka shigar mata kawai take lissafawa. Idan yaron inji ya shiga sito da tsakar dare ya ɗauki buhu bai rubuta ba, kwamfuta za ta ci gaba da nuna maka cewa buhun yana nan, kamar yadda littafinka yake yi yanzu.

Mu ɗan tsaya a kan buhu 14 ɗin nan. Ƙwayar roba a buhu mai kilo 25 take zuwa, kilo 350 ke nan. Idan aka raba su a kwanakin aiki 26 da injina 3, abin da ya faɗa kan kowane inji bai wuce kilo 4 da rabi a rana ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin zuba roba ya san abin da ake zubarwa idan za a sauya launi daga ja zuwa shuɗi, da abin da yake daskarewa a bakin inji idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ga kuma bokitan da suka fito ba su cika ba, waɗanda ake jefawa gefe don a niƙa. Zuciya takan yi saurin tafiya ga sata, kuma ban ce babu ita ba, amma ɗora wa bawan Allah zargi a kan lissafin da ba a taɓa auna ɓarnarsa ba alhaki ne babba.

Aikin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka zaɓi ranar da injina suke hutu, ka tsaya da kanka a ƙirga komai, duk buhun da aka riga aka buɗe a ɗora shi a sikeli, mutum biyu su sa hannu a takardar. Kowane kaya ya samu suna guda ɗaya. Na taɓa duba littafin wani sito inda kaya ɗaya yake da suna uku: mai sito yana rubuta "baƙar niƙa", mai inji yana cewa "tsohuwa", akanta kuma sunan wanda ya kawo ta yake sawa, har aka yi watanni ana zaton kaya uku ne. Awo ma ya zama ɗaya, a riƙa rubuta roba da kilo ko da da buhu aka saye ta. Kada kuma kaya ya fita daga sito sai da takarda mai lamba, ko da kai ne ka aiko, domin idan mai gida ya karya wannan doka sau ɗaya, yara ba za su ƙara ganin girmanta ba.

Sannan sai abin da ya bambanta masana'anta da kanti, wato ƙa'idar haɗi. Mai kanti a kasuwar Singa katan ya saya, katan zai sayar, lissafinsa ragi ne da ƙari. Kai kuwa buhu ne yake shiga, dozin ɗin bokiti ya fito, don haka dole a san bokiti ɗaya giram nawa na sabuwar roba yake ci, nawa na niƙa, nawa na launi, da mariƙi guda. Da wannan ƙa'ida ne manhaja take rage ɗanyen kaya da kanta duk sa'ad da aka ce mata an buga dozin kaza, ta kuma nuna maka bambanci tsakanin abin da ya kamata a ci da abin da aka ci. Wannan bambanci shi ne abin da kake nema, kuma a nan ne manhaja ta fi littafi nesa ba kusa ba. Yawancin ƙananan manhajojin da ake tallatawa a gari na masu kanti ne, ba su da wannan sashe ko kaɗan.

Idan ka yi wata biyu kana tafiyar da wannan tsari a takarda, sai ka kira matasan nan su dawo, amma su gwada maka da kayanka, ba da misalan da suka shirya tun daga ofis ba. Ka ce su shigar da buhu 40, su buga dozin 100, su mayar da bokitan da suka lalace zuwa niƙa, su ba kwastomanka na Ƙofar Wambai kaya bashi, sannan ya dawo da dozin biyu. Manhajar da ta yi tuntuɓe a nan ba taka ba ce. Daga cikin sanannun manhajoji, Odoo na ƙasar Beljiyam da ERPNext na Indiya duk suna da sashen sarrafa kaya mai ƙa'idar haɗi. QuickBooks da Sage 50 da Tally ƙarfinsu ya fi ga lissafin kuɗi, ko da yake wasu nau'o'insu suna iya haɗi mai sauƙi. SAP Business One kuwa ta dace da kamfanin da yake da sassa da yawa da akantoci na dindindin, kuma a ganina ta yi wa masana'anta mai injina 3 nauyi.

Game da miliyan 4, ka nemi a rarraba maka ita a rubuce: nawa ne lasisi, nawa ne girkawa da shigar da kaya, nawa ne horar da ma'aikata, nawa ne kulawa bayan an gama. Ka fara da sito da sarrafawa kaɗai, albashi ya jira, ka kuma riƙe kaso mai tsoka na kuɗin har sai ƙirgen ƙarshen wata ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna sau biyu a jere. Abu na ƙarshe, su kai ka wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ta shekara tana amfani da manhajar, ka keɓe da mai sitonta ba a gabansu ba. Na shiga wani sito da idona na ga kwamfutar da aka kashe wa kuɗi an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, tsohon littafin kuma yana ajiye a kanta, a buɗe, da biro a tsakiya.

Tambaya ta biyu: "Ina haɗa yaji da garin kunun gyaɗa a Hotoro, ni da mata 6, muna da lambar NAFDAC. Wani babban kanti ya dawo mana da katan 9 da suka wuce wa'adi. Ɗana yana rubuta mana lissafi a Excel. Ya isa, ko in nemi babbar manhaja?"

Hajiya, ya isa a yanzu, kuma kuɗin babbar manhaja gara ki zuba shi a gyaɗa lokacin kaka. Abin da ya jawo miki asarar katan 9 rashin bin lambar rukuni ne, wato lambar da ake ba duk kayan da aka haɗa a lokaci ɗaya. Lambar nan da ranar haɗi da ranar ƙarewar wa'adi, waɗanda NAFDAC ta wajabta a buga a jikin kaya, su ma su shiga takardar Excel, kowane rukuni da layinsa, tare da sunan kantin da aka kai masa da adadin da ya karɓa. A cikin sito kuma, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita, sabon haɗi a jera shi a baya. Idan kin ga saura wata biyu wa'adin wani rukuni ya cika, ki aika a duba abin da ya rage a kantunan tun kafin su kira ki.

Ɗanki ya ƙara miki layi ɗaya na lokacin sake oda. Misali, idan kina cin robar zubi 200 a rana, kuma takan yi kwana 10 kafin ta iso daga Legas, to 2,000 ke nan, ki ƙara na kwana 3 saboda halin hanya, da zarar abin da ke ƙasa ya sauko 2,600 sai a yi oda. Ki kuma riƙa auna gyaɗar da kika saya a Dawanau ranar da ta shigo da ranar da za a soya ta, domin sabuwar gyaɗa tana rage nauyi idan ta bushe, kada a zaci wani ne ya ɗiba. Ranar da mutum biyu ko uku suka fara buƙatar rubutu a takarda ɗaya a lokaci guda, ko kika buɗe sito na biyu, ranar ce Excel ya yi miki kaɗan.

Tambaya ta uku: "Muna da ƙaramin injin casar shinkafa a kan titin Haɗeja. An ba mu zaɓi biyu, manhajar da ke kan intanet ana biyan kuɗin wata, ko wadda za a girka a kwamfutar ofishinmu. An kuma ce akwai ta kyauta. Wanne ya fi?"

Malam, kafin zaɓin nan akwai gwajin da ya shafi sana'arku musamman. Shanshera ɗaya ce take shiga inji, amma abu huɗu ne suke fitowa: tsayayyar shinkafa, karyayya, dusa da ɓuntu. Manhajar da ba ta iya karɓar abu ɗaya ta fitar da huɗu, ta kuma raba kuɗin saye a tsakaninsu, ba za ta taɓa gaya muku ainihin abin da buhun shinkafa ya tsaya muku ba. Ta kuma ba ku wurin rubuta danshin shanshera ranar saye, tunda sai an busar da ita zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa, kuma nauyin da ya tafi a bushewa kuɗi ne da kuka biya.

Ta intanet amfaninta a fili yake: mai gida yana Kura wajen sayen shanshera yana ganin sitonsa a waya, kuma gobara ko ɓarawon kwamfuta ba za su tafi da lissafin ba. Matsalarta biyu ce. Ta farko dala. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk wanda yake biyan kuɗin wata da dala ya ga nauyinsa ya ƙaru matuƙa ba tare da an ƙara masa komai ba. Don haka ku tambaya da wane kuɗi ake biya, kuma a kan kowane ma'aikaci ne ko a kan kamfani gaba ɗaya. Ta biyu sabis. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har ayyukan bankuna suka tsaya cik a wurare da dama. A lokacin gwaji ku kashe data da gangan, ku ga ko mai sito zai iya sallamar motar da take jira a bakin ƙofa.

Wadda ake girkawa a ofis ba ruwanta da sabis, amma tana son wuta tsayayya, wato batir da inbata ko sola, tana kuma son a riƙa ɗaukar kwafin bayanai kullum a ajiye shi a wajen harabar. Ta kyauta kuwa gaskiya ce: ERPNext ba ta da kuɗin lasisi, haka ma nau'in Odoo da ake kira Community. Sai dai mai girkawa da mai gyara da wurin ajiye bayanai duk kuɗi ne, kuma a Kano abin da ya fi wuya shi ne samun wanda zai ɗaga waya ranar Asabar da yamma idan abu ya tsaya. Da ni ne, kuma sabis yana da ƙarfi a wurin, ta intanet zan ɗauka, in ajiye littafin takardun fitar da kaya a matsayin madogara. Kowacce kuka zaɓa, babbar kalmar sirri ta kasance a hannun mai kamfani, ba a hannun mai girkawa ba, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa kuna iya fitar da dukkan bayananku zuwa Excel duk ranar da kuka ga dama.

Tambaya ta huɗu: "Mai kula da sitonmu ƙanen mahaifina ne, shekararsa 15 a wurin. Tun da aka kawo maganar kwamfuta ya ɗauke mini wuta, yana ganin zarginsa ake yi."

Ɗan'uwa, damuwar Baffa abar fahimta ce, kuma kai ne za ka je ka same shi, ba a ofis ba, a gida. Ka gaya masa cewa takarda mai lamba kariya ce gare shi kafin kowa, domin daga yau duk abin da ya fita akwai sunan wanda ya karɓa. Shi ya san kowane lungu na siton, don haka shi za a ba jagorancin ƙirge da raɗa wa kaya suna. Idan taɓa kwamfuta ne yake masa nauyi, a haɗa shi da yaro mai shigarwa, shi kuma ya ci gaba da riƙe makulli da sa hannu. Kowa ya samu kalmar sirrinsa, har da kai, kuma ƙirgen bazata na mako-mako, kaya biyar ko shida mafiya tsada, ya zama doka a kan kowa, a fara shi a ranar da Baffa da kansa ya zaɓa.