Amsoshin Tambayoyinku: Wane Littafin Soyayyar Aljanun Japan Zan Saya?

Anti, ni ɗaliba ce a Zariya. Na gaji da labaran Turawa na masu shan jini, sai ƙawata ta ce in gwada waɗanda aka gina a kan tatsuniyoyin Japan. Kuɗin littafi ɗaya kacal gare ni. Wanne zan saya?

Ƙanwata, tun da kuɗin ɗaya ne a hannunki, abin da za ki fara dubawa shi ne ko labarin yana ƙarewa a littafin. Yawancin irin waɗannan uku-uku ake rubuta su. Wanda aka fi ambata shi ne *Shadow of the Fox* na Julie Kagawa, wanda ya fito a 2018. Yumeko, rabinta mutum rabinta kitsune, wato yanyawa mai rikiɗa, ta gudu da wani yanki na tsohuwar takarda mai kiran dodon da ke biyan buƙata. Abokin tafiyarta, Tatsumi, aikinsa kashe irinta ne, kuma akwai wani mugun aljani ɗaure a cikin takobinsa. Labarin ya yi daɗi, amma a tsakiyar tashin hankali zai ajiye ki, sai kin nemi na biyu (2019) da na uku (2020).

Mai kuɗin ɗaya ta sayi *Empress of All Seasons* na Emiko Jean, shi ma na 2018. A ciki, 'yan mata ne ke gasar ratsa ɗakuna huɗu na tsafi, kowanne da yanayinsa na shekara, wadda ta tsira ta auri yarima. Ita kuwa Mari tana ɓoye cewa ita yokai ce, wato irin aljanun tatsuniyoyin Japan, jinsin da sarki ya bautar. A ganina marubuciyar ta yi gaggawar rufe labarin, amma dai ta rufe shi.

Sai dai kada ki shiga da tsammanin za a ƙare da kamu da kai amarya. Tushen da waɗannan marubuta ke ɗiba ba ya yawan barin masoya tare. A tatsuniyar Kuzunoha, wani mutum ya ceci farar yanyawa daga mafarauta, ta dawo masa a siffar mace, suka yi aure har ta haifa masa ɗa. Ran da yaron ya hango ainihinta, ta rubuta waƙar bankwana ta koma daji. Yuki-onna, matar ƙanƙara, ta haifa wa mijinta 'ya'ya goma, amma daren da ya karya alkawarin rufe bakinsa ta narke ta zama hazo. Ɓoyon asali da fargabar ranar tonuwa su ne ke riƙe da irin wannan soyayya, ba kishiya ko uwar miji ba. Idan kina son ɗanɗanawa kafin ki kashe ko sisi, labarin Yuki-onna yana cikin *Kwaidan* na Lafcadio Hearn (1904), ana samunsa kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, kuma bai wuce 'yan shafuka ba.

Malama, 'yata mai shekara 14 ta dame ni in saya mata irin waɗannan littattafai. Na ga ana maganar alloli da wuraren bauta a cikinsu. Ya dace kuwa?

Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne. Addinin gargajiya na Japan, Shinto, yana da ababen bauta da yawa da suke kira kami, kuma labarinsu yana rubuce tun a littafin Kojiki na shekarar 712. Kitsune ma a wurinsu 'yar aiken Inari ce, abin bautar shinkafa, shi ya sa gumakanta suka cika harabar Fushimi Inari a Kyoto. Marubutan ba wa'azin Shinto suke yi ba, kayan labari suka ara. Duk da haka littattafan sun bambanta. A *Red Winter* na Annette Marie (2016), jarumar tun tana ƙarama aka keɓe ta don wata abar bauta ta sauka a jikinta, kuma a kan wannan aka ɗora labarin gaba ɗaya. Idan wannan ne zai dame ki, to ba shi za ki fara da shi ba.

Ni abin da na fi so ki sa wa ido shi ne jini da soyayyar kanta. Tambarin "na matasa" a kasuwar Amurka ya haɗa daga ɗan shekara 12 har 18, tazara ce babba. *The Keeper of Night* na Kylie Lee Baker (2021), labarin mai ɗaukar rayuka da ta bar Landan ta tafi Japan, yana da kashe-kashe masu tayar da tsigar jiki. Ba zan ba 'yar 14 shi ba. Rungume-rungume da sumba kuwa kusan babu wanda ya rasa su. Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, na ba da farkon littafi kyauta. Ki sauke a wayarki, ki karanta da kanki, sannan ki duba sharhin iyaye game da sauran babobin, domin abin da ake gudu ba kasafai yake zuwa a farko ba.

Anti, ni Turancina bai yi ƙarfi ba. Na zane, wato manga, ba zai fi mini sauƙi ba?

Zai fi, ɗan'uwa. Zance kaɗan ne, hoto ke ɗaukar sauran nauyin, kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu kamar Larabci, don haka ba zai ba ka wuya ba. Matsalar aljihu ce. *Kamisama Kiss* na Julietta Suzuki, labarin yarinyar da ta gāji wurin bauta tare da wani kitsune mai girman kai, kundi 25 ne, kowanne kuma a zama ɗaya za ka cinye shi. *InuYasha* 56 ne. Ka sayi na farko kawai, ko ku yi karo-karo da abokai kuna musaya. Ka duba bayan bango kuma: a bugun kamfanin VIZ, T na nufin daga shekara 13, T+ daga 16.